Yadda Za Ka Dawo Da Tsohuwar Fijo Kan Titi A Kaduna: Takardu, Birki, Gwaji Da Inshora

Duk wanda ya tashi a Kaduna ya san irin motar da nake nufi. Tana can a kusurwar gida ko a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, an lulluɓe ta da tamfol, tayoyinta sun sace har sun nutse cikin ƙasa, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Tamu Fijo 504 ce fara, haɗin Kakuri, wadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saya yana aikin gwamnati. Shekara 7 ta yi a ajiye kafin rabon gado ya kawo ta hannuna.

Abin da na fara yi shi ne abin da kusan kowa ke yi: na sa aka tada injin, na kira mai fenti. Ta fito tana walƙiya, 'yan unguwa suna ta sam barka. A mako na uku, ina gangarowa daga gadar Kawo, na taka birki ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka auduga. Birkin hannu da gefen kwalbati ne suka tsayar da ni, da ikon Allah. Da muka ɗaga ta a gareji, sai ga tiyon roba na birkin gaba ya tsage, ya bushe ƙayau kamar tsohuwar fata. Dattijon makaniken da ya duba ta, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kan irin waɗannan motoci, ya share hannunsa da tsumma ya ce, "Ɗana, ka yi tuya ka manta da albasa. Ita mota, kafin ka tambayi ko za ta tafi, ka fara tambayar ko za ta tsaya." Na ce, "Baba, to ta ina ya kamata in faro?" Amsar da ya ba ni, da abin da na ƙara koya da kuɗina bayan nan, su ne na shirya a nan bisa jerin da ya kamata a bi.

Mu a garin nan muna da gatan da wasu ba su da shi. An kafa kamfanin haɗa Fijo na PAN a 1972, ya fara fitar da motoci daga Kakuri a 1975. Ita 504 an fara yin ta a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, kuma bayan Turawa sun daina yin ta an ci gaba da haɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000. Shi ya sa har yau akwai hannayen da suka san ta ciki da bai, kuma in ka shiga Panteka ko Oriakpata da haƙuri za ka samu kayanta. Yawancin abin da zan faɗa ya shafi 404 da 505 da a-kori-kura, har da tsohuwar Marsandi da Bitil, sai dai misalaina na Fijo ne don ita na sani.

Mataki na farko: takardu kafin sifana

Kada ka sayi ko da fulogi ɗaya sai ka tabbatar motar za ta iya zama taka a rubuce. Ka buɗe bonet, ka goge wurin lambar shasi da lambar inji da tsumma da ɗan kananzir, ka ɗauki hotonsu, sannan ka gwada su harafi bayan harafi da abin da ke cikin tsofaffin takardu. A mota mai shekara 40 ba abin mamaki ba ne a ce an taɓa sauya inji. Wannan ba laifi ba ne, amma dole takarda ta nuna lambar injin da ke ciki yanzu. Haka launi: in takarda ta ce fara, kai kuma ka mai da ita shuɗiya, sai an gyara a rubuce.

In gado ce, ka samu takarda daga sauran magada ko daga kotun da ta yi rabon, wadda ta nuna motar ta faɗo a kasonka. Na san za ka ce ai 'yan uwa ne, ba komai. To ranar da motar ta gyaru ta yi daraja, ranar ce wani zai tuna shi ma yana da haƙƙi. In saya ka yi, ka karɓi takardar ciniki mai sa hannun shaidu da kwafin katin shaidar mai sayarwa. In takardun asali sun ɓace, hanyar ita ce rantsuwa a kotu da rahoton 'yan sanda, sai ka nufi ofishin rajistar motoci na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, KADIRS, don sauya sunan mai mallaka. Motar da har yanzu ke ɗauke da tsohuwar lamba ta kafin sauyin da aka yi a 2011 za ta buƙaci sabuwa. Tsohuwar ka rataye ta a falo don tunawa.

Akwai wani tarko ga masu sha'awar motocin da suka fi haka tsufa. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, saboda haka motocin da suka shigo kafin ranar galibi sitiyarinsu a dama yake, kuma dokokin hanya na yanzu sun hana hawa titi da mota mai sitiyari a dama. In ka ga tsohuwar 404 irin wannan ta burge ka, ka sa kuɗin juya sitiyari cikin lissafi tun kafin ka taya.

Mataki na biyu: ka duba ƙashinta

Inji ana sauyawa, giya ana sauyawa, amma in tsatsa ta cinye ƙashin mota, aikin ya zama zuba ruwa a rariya. Ka kai ta kan rami, ko a ɗaga ta a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko wadda aka tokare da bulon siminti. Ka ɗauki sikundireba da tocila ka bi ƙasan bodi kana dannawa: ƙarƙashin ƙofofi, wuraren sa jak, inda shokozoba ke kamawa, mazaunin batir, da ramin safaya taya a but. Ka ɗaga kafet ka dubi daɓen, musamman wajen ƙafar direba, don robar gilas in ta tsufa ruwan damina nan yake taruwa. Inda sikundireba ta huda, nan sai a yanke a sa sabon ƙarfe a yi walda. Maganaɗisu zai nuna maka inda wani fanabita ya taɓa cika rami da fila ya shafe da fenti, domin ba zai kama a wurin ba. Tsatsar fuska ba ta da wuyar magani. Wadda ta ci inda ƙafafun mota ko sitiyari ke ɗaure, ita ce za ta sa ka sake tunani ko aikin zai biya kuɗin sabulu.

Mataki na uku: abin da ke tsayar da ita

A nan ne mafi yawan kuɗinka na farko ya kamata su tafi, kuma a nan ne ba a neman araha.

Man birki yana shan danshin iska. In ya daɗe, ruwan da ya sha yana sa tsatsa a cikin silindodi, kuma idan birki ya ɗau zafi ruwan ya tafasa, feda ta tafi ƙasa. Saboda haka a zubar da tsohon gaba ɗaya, a zuba sabo daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka, DOT 3 ko DOT 4 gwargwadon abin da aka rubuta a murfin, a fitar da iska daga kowace ƙafa. Daga nan kuma duk shekara 2 a maimaita. Tiyoyin roba da ke kai mai ga ƙafafu a sauya su duka, ko da ido ya ga kamar lafiyarsu ƙalau. Nawa da ya fashe, ta waje ɗaya sumul yake. Wani lokaci ma ta ciki suke kumbura, su bar mai ya tafi su hana shi dawowa, sai ka ji ƙafa ɗaya tana riƙewa tana zafi. Bututun ƙarfe a bi su da hannu, wanda ya yi ƙuraje na tsatsa a cire shi. A buɗe masta, wato babbar silindar da feda ke dannawa, a buɗe silindodin baya, a sa sabbin robobi ko a sauya su ɗungum in cikinsu ya ci. Wasu 504 faifai ne gaba da baya, wasu kuma bayansu ganga ne, sai ka leƙa ka ga irin taka kafin ka tafi kasuwa. Hasali ma ƙa'idar sayen kayan tsohuwar mota ke nan: ka tafi da tsohon a hannunka a gwada.

Wani abu da na sha gani, kuma kada ka yarda a yi maka: ƙafa ɗaya tana yoyon mai, sai yaron gareji ya toshe bututunta da ƙusa ko ya matse shi da filaya ya ce "Oga, za ta kai ka gida." Za ta kai ka, amma da birkin ƙafa uku, kuma ranar da ka taka da ƙarfi gefe guda za ta fizge ka. Haka masu zuba ruwan omo a madadin man birki.

Gwajin da za ka yi da ƙafarka ba shi da wuya. Ka danne feda da ƙarfi na rabin minti. In tana sulalewa ƙasa a hankali, akwai yoyo ko masta ta gaji. Sannan da inji a kashe ka taka sau biyar har ta yi tauri, ka riƙe, ka tada mota. Ya kamata ka ji ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka, alamar tulun da ke ƙara wa birki ƙarfi yana aiki.

Sai taya. Tayar da ta yi shekaru a ajiye zanenta yana nan kamar sabuwa, shi ke ruɗar mutane. Ka nemi inda aka rubuta DOT a gefenta, ka karanta lambobi huɗun ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018. In lambobin uku ne kawai, tayar ta girmi shekarar 2000, ba ta da sauran amfani sai daɓen rijiya. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra suna ɗaukar shekara 4 daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya, kuma zurfin zane bai kamata ya gaza milimita 1.6 ba. A kwaltar Zariya cikin zafin watan Afrilu, tsohuwar taya ba ta yin sallama kafin ta fashe. Ka sayi biyar, har da safaya. Ni a kan taya ba na sayen ɗan Beljiyam, duk da cewa a kan fitila ko marfin ƙofa na fi son sa a kan sabon jabu.

Sitiyari da ƙafafu: a ɗaga gaba, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan dama da hagu. Ƙwas-ƙwas ta sama da ƙasa yawanci boris ne ko boljoyin, ta gefe kuma tarod. Duk robar da ta yage har giris ya fita ƙura ta shiga, a sauya. Ka danna kowace kusurwar mota ka saki. In ta yi lilo fiye da sau ɗaya, shokozoba ya mutu. Bayan an gama duk wannan ne za a je alaimen, ba kafin ba.

Mataki na huɗu: abin da ke kawo gobara

Tsofaffin motoci da yawa ba haɗari ne ya kashe su ba, wuta ce. Abu biyu ke haddasa ta: tiyon fetur da ya tsage yana ɗiga a kan inji mai zafi, da wayoyin da ɓeraye suka gaigaye. A sauke tanki a wanke, domin fetur ɗin da ya shekara a ciki ya zama kamar ƙaro, ga tsatsa a ƙasansa. A sauya duk tiyoyin fetur da na fetur na ainihi, ba robar ruwa ba, a ɗaure kowane baki da kilif, a sa sabuwar matata a hanya. Masu Bitil su fi kowa kula da wannan, don tiyon yana wucewa dab da inji a baya, inda direba ba ya gani.

Sai ka samu mai wayarin mai natsuwa ya buɗe akwatin fis. Da na buɗe namu, fis biyu ne kacal na gaske, sauran waya ce aka nannaɗa, ɗaya ma takardar kwalin sigari ce. Amfanin fis shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone, wanda ya maye gurbinsa da waya ya cire wa mota mai gadi. A bi duk inda aka murɗa waya da hannu aka naɗe da leda, a gyara. Batir a ɗaure shi da ƙarfe kada ya riƙa rawa. Cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6, in inji na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da haka ba ta caji, sama da haka tana dafa batir.

Mataki na biyar: tada inji

Yanzu ne aka zo inda zuciyarka take tun farko. Injin da ya daɗe a kwance ba a murɗa masa makulli haka kawai. A cire fulogi huɗun, a ɗiga ɗan baƙin mai cikin kowane rami, a bar shi ya kwana biyu. Sai a sa sifana a kan fulin gaba a juya inji da hannu. In ya zagaya sumul, alhamdulillahi. In ya cije, kada a tilasta shi da kik ko da turi, zoben fiston zai karye. A juye tsohon baƙin mai, a sa sabo mai kauri irin 20W-50 da sabuwar filta, a yi ta kik ba fulogi har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar da fulogi.

Wutar yawancin waɗannan motoci ta kwantak ce. A 504 tazarar bakin kwantak milimita 0.4 ce, tazarar bawul kuma, da inji a sanyaye, 0.10 ga na shiga da 0.25 ga na fita. Ka nemi makaniken da ke da ma'aunin tazara a aljihunsa, ba mai aunawa da ido ba. Yaran da suka koyi aiki a kan motocin kwamfuta ba laifinsu ba ne in ba su san wannan ba, amma kada motarka ta zama allon koyonsu. Kafireto a warware ta a wanke, a sa sabbin gaskit. Hayaƙin salansa zai gaya maka sauran labari: baƙi fetur ya yi yawa, shuɗi tana cin baƙin mai, fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan ta yi zafi ruwa ne ke shiga inji.

Abin da ya fi kashe injin Fijo shi ne zafi. Kan injin na alminiyam ne, silindodinsa kuma hannun riga ne da ake zurawa, ruwa na zagaye da su. In ta tafasa sau ɗaya biyu, kai ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. In har ta kai ga buɗe kai, ka tsaya a wurin ka tabbatar an danne hannayen rigar kafin wani ya juya inji, domin in suka motsa abin da ke toshe ƙasansu ya lalace, aikin yini ɗaya ya koma na mako. Rigakafin shi ne a wanke lagireto, a sauya tiyoyin ruwa da fanbel da murfin lagireto, a duba famfon ruwa, a tabbatar fanka tana kamawa. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla yana barin ƙanzo a ciki yana cin ƙarfe, a riƙa zuba ruwan sanyaya inji na kanti. Su kuma masu cire tamostat su jefar su ce ƙasarmu da zafi, ban yarda da su ba: in ya lalace a sa sabo. Bitil ba ta da ruwa, iska ke sanyaya ta, don haka ranar da fanbel ɗinta ya tsinke ka tsaya nan take.

Mataki na shida: ka gwada ta kafin hukuma ta gwada

Ka zaɓi safiyar Asabar ko Lahadi, ka samu miƙaƙƙen titi marar jama'a. A gudun kilomita 30 zuwa 40 ka taka birki da ƙarfi. Ta tsaya a miƙe, ba ja gefe, ba karkarwa. Ka tsaya a gangara ka ja birkin hannu ka ga ko zai riƙe. Ka yi tafiyar minti 20 idonka na kan allurar zafi, ka dawo ka ajiye ta a kan daɓe mai tsabta, ka leƙa bayan awa ɗaya ka ga abin da ya ɗiga. Da magariba ka fuskantar da ita ga bango ka duba fitilun gaba, babba da ƙarama, kada ɗaya ta kalli sama ɗaya ta kalli kwata. Ka sa yaro ya tsaya a baya ya gaya maka ko fitilar birki, sigina, ribas da ta lamba suna kamawa. Sai oda, wefa, madubai, gilashin gaba marar tsagewa, da bel na kujera mai kamawa. A but ka ajiye safaya mai iska, jak, sifanar taya, alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da tukunyar kashe gobara mai hoda ta kilo 1. Ni tawa a ƙarƙashin kujera take, don in wuta ta tashi ba lokacin neman makullin but.

Tun ƙarshen 2015 da gwamnatin jiha ta rushe ofishin masu duba motoci na VIO, duba lafiyar motoci a Kaduna ya koma hannun hukumar da muke kira Kastiliya, wato KASTLEA, su kuma 'yan Rod Sefti suna nasu a manyan hanyoyi. Ka kai motar da kanka a duba ta a ba ka takardar shaidar lafiyarta, ka karɓi rasit na gwamnati. Na san akwai masu kawo maka takardar har gida ba tare da kowa ya ga motar ba. A sabuwar mota ma wannan ganganci ne, balle mai shekara 40. Idon da ba naka ba yakan ga abin da son motar ya rufe maka. Ka rubuta ranar ƙarewar kowace takarda a wayarka, da tunatarwa mako biyu kafin lokacin.

Mataki na bakwai: inshora

A nan ma an taɓa cin kuɗina. Wani mai jaka a gindin bishiya ya karɓi kuɗi ya miƙo mini takarda mai tambari da hatimi, na shekara ina yawo da ita. Ranar da wani abokina ya nuna mini yadda ake dubawa, sai babu lambar motata ko'ina. Da na bugi wani a shekarar nan, daga aljihuna zan biya.

Inshorar da doka ta wajabta ita ce ta kare wanda ka yi wa ɓarna. Tun 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da ka lalata wa wani daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Tana kuma ɗaukar nauyin rauni ko rasa rai na wanda ka buge. Daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka tsaurara binciken ta a kan hanya. Duk wanda ya ce zai yi maka ita a dubu uku ko biyar, takarda kawai yake sayar maka. Ka saya kai tsaye daga kamfani mai lasisi ko dillali mai rajista, sannan ka duba lambar motarka a rumbun bayanan inshora na ƙasa, NIID, ta shafin askniid.org ko ta danna *565*11# a waya. In sunan kamfanin da ranar ƙarewa ba su fito ba bayan 'yan kwanaki, ka koma ka tsare su. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful masu lasisin NAICOM da ke aiki bisa tsarin Musulunci, kuma takardarsu karɓaɓɓiya ce a hanya.

Amma ka fahimci abu ɗaya: wannan inshora ba ta biyan ko sisi a kan motarka. In ta ƙone ko an sace ta, asararka ce. Mai son kare motar kanta sai ya yi cikakkiyar inshora, wadda NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Matsalar tsohuwar mota a nan take. A ƙa'ida kamfani yana biyan abin da mota za ta yi a kasuwa ranar da abin ya faru, kuma a lissafinsu mota kullum faɗuwa take. Kai ka kashe miliyoyi wajen gyara, su a idonsu tsohuwar Fijo ce ta kilo. Wasu kamfanonin ma da sun ji shekarunta za su ja da baya. Abin yi shi ne ka nemi a yi yarjejeniyar daraja tun farko: mai ƙiyasi ya zo ya ga motar, a amince da adadi, a rubuta shi a cikin takardar inshora cewa shi za a biya in ta salwanta. Maganar baki ba ta wadatar ba. Don wannan ranar ce za ka tara rasit na duk abin da ka saya tun daga mataki na uku, da hotunan aikin kafin da bayan, cikin fayil guda. Ka tambayi nawa ne kason da kai za ka ɗauka daga kowace asara kafin su biya saura, ka tambayi ko za su yarda makanikenka ya yi gyaran, da yadda za a yi in ba a samu sabon kaya a kasuwa ba.

Ka kuma faɗa musu gaskiyar abin da ka sauya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane da yawa sun sa tukunyar gas a but, wasu sun ɗora injin wata mota. In ba ka sanar ba, ranar biyan diyya za a kafa hujja da shi. Haka nan motar nan in ta gyaru za a fara roƙonka ita don ɗaukar amarya ko ɗaukar hoto. Aron zumunci daban, amma da zarar ka karɓi kuɗi ta zama ta haya, kuma inshorar motar gida ba ta rufe haya. A-kori-kurar da ke ɗaukar kayan sana'arka ita ma ajinta daban ne da kuɗinta daban. In tsautsayi ya faru, ka ɗauki hotuna, ka sanar da 'yan sanda da kamfanin cikin gaggawa, kada ka yi alkawarin biya a bakin titi.

Daga nan sai fenti, da riƙo

Yanzu ka kira mai fenti, da sauran kuɗin da suka rage. Ka ce masa asalin launinta kake so, kuma a cire gilasai a sa sabbin robobi.

Zama ya fi tafiya lalata tsohuwar mota. Ka fita da ita sau ɗaya a mako, ba tadawa a tsakar gida na minti biyar ba, tafiya ta sosai har inji ya yi zafi, ka bi baifas ka dawo ta Kakuri. Baƙin mai a juye duk kilomita 5,000 ko wata 6, wanda ya riga zuwa. Da hunturu ka riƙa buɗe matatar iska kana kakkaɓewa, ƙurar Disamba da Janairu tana toshe ta da wuri. Kafin zafin Maris ka duba ruwa da tiyoyi. Da damina ka sa a wanke ƙasanta a cire laka, ka zura waya ka buɗe ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofofi don ruwa ya fita, kuma ka guji kutsawa cikin ruwan da ya kwanta a titi, distributa ba ta son jiƙa. Rumfar kwano ta fi tamfol, don tamfol yana riƙe danshi. In tafiya ta kama ka ta wata ɗaya ko fiye, ka ƙara wa tayoyi iska, ka cire kan batir, ka saki birkin hannu ka tokare taya da katako, kada ka bar ko ɓawon gyaɗa a ciki saboda ɓeraye. A but ɗina kullum akwai fanbel, kwantak, kwandensa, fulogi biyu, fis da galan na ruwa, a cikin tsohuwar jakar da mahaifinmu yake zuba nasa.